Taɓaryar Kwali

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na masu tambaya ko kiredi ne ya ƙare mini shi ya sa na yi shiru kwana biyar. Ba kiredi ba ne. Bakina ne ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, kuma tunda labarin ya riga ya zaga gari a karkace, gara ku ji shi daga wurin mai shi. In kun ga kuskure a rubutun ku yi haƙuri, da yatsa ɗaya nake dannawa, za ku ji dalili.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Zulaihatu. A Tasawa aka haife ni, a nan nake ɗinkin kayan mata a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ni ce na buɗe gurup ɗin nan na WhatsApp mai suna 'Yan Gidan Tanna, mu ɗari biyu da wani abu, daga Tasawa da Mayahi da Maraɗi har Katsina, duk mahaukatan littafi guda. Yaƙin Tanna sunansa. Wata baiwar Allah ce da ba mu taɓa ganin fuskarta ba ta yi shekara uku tana sako mana shi shafi-shafi a waya, mu kuma muna biye da ita kamar kaji da mai tsaba. Bak ɗina na farko, jarrabawar gama sakandare, a kan Tanna na faɗi shi. Wannan ko Innata ba ta sani ba, sai dai in wani munafuki ya karanta mata yau.

Labarin wata ƙasa ne da Sarkin Ƙarƙashin Rairayi ya kama ruwan samanta ya rufe a cikin tulu shekara bakwai. Tanna, baƙar yarinya mai tsaga uku a kowane kunci, 'yar masu haƙar rijiya, ita ta ɗauki mashi ta bi shi har gidansa. Amma duk wanda ya karanta ya san ba mashin Tanna ne ya fasa tulun ba. Kakarta ce, tsohuwar da aka bari a kango, ta ɗauko damin gero na ƙarshe da ya rage a garin, ta sussuke, ta zuba a turmi, ta yi kwana uku tana daka ba ta zauna ba. Tafin hannunta ya tsage, jini na bin taɓarya, kowane bugu ƙasa na amsawa, har ƙarar ta ratsa rairayi ta tsaga tulun. Ranar da aka sako wannan shafin na yi kuka har na jiƙa wa wata mata atamfar da ta kawo ɗinki. Ku riƙe kakar nan a ranku, don ita ce ta kawo ni inda nake.

Sai Yusha'u. Mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyarwa a wata lakwal ta Korgom, amma asalinsa ɗan Tchaké ne. Shekara biyu ke nan yana zuwa zance gidanmu duk Asabar a kan motonsa mai ƙafa biyu, da farar shadda guda ɗaya tak da yake wankewa ya goge ta koma sabuwa. Ba shi da surutu, ni ce rediyon, shi mai saurare. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, irin son da in ya yi tari a waya sai na wuni ina lissafin maganin da zan aika masa. An riga an tsayar da magana cewa Juma'ar nan da ta wuce manyansa za su kawo goron tambaya. Bai taɓa karanta Tanna ba. Ni na tura shi cikin gurup da ƙarfin tsiya, wai don ya san abin da ke raina. Da hannuna na sa lambarsa.

To sai aka ce wasu masu shirya fim daga babban birni sun mai da littafin fim, har an ɗauki wani ɓangare a ƙauyukan Mayahi da rani. Gurup ya haukace, muka shiga ƙirga kwanaki. Ana gobe za a sake shi Yusha'u ya kira ni.

"Zulai, kar ki kalle shi sai na zo Asabar. Tare za mu gani."

"Asabar? Yau hwa Talata, Mushe. So kake in mutu?"

"Ba ki mutuwa. Akwai abin da nike so in nuna miki a ciki, kuma da bakina nike so ki ji."

"Gonarku ce ta hito?"

Ya yi dariya. "Ke dai ki jira."

Na ce to. Allah ya sani, har cikin zuciyata na ce to. Amma Laraba da azahar saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan ƙanƙara, wannan na kuka, wannan na tsinuwa, wani ya rubuto kalma ɗaya kawai: "Amana." Sai ga Zahra'u ƙawata: "Na sauke shi duka, taho yanzu." Na bar hannun rigar mutane a ƙarƙashin allura, na zura hijabina ruwan toka a kan rigar barci, na ja silifas. A hanya ina ce wa kaina Asabar sai in yi kamar ban gani ba.

Mu biyar ne a ɗakin Zahra'u, a kan tabarma, an jona waya da talabijin, kwanon kwaɗon zogale a tsakiya. Ba a yi minti goma ba kowa ya cire hannu daga kwanon. Tanna ta fito fara sol, gashin ido kamar tsintsiya, farce ja, ba tsaga ko ɗaya a fuskarta. 'Yar masu haƙar rijiya da jan baki! Sarkin Ƙarƙashin Rairayi, wanda a littafi ba a taɓa ganin komai nasa ba sai inuwa, suka kawo mana wani ƙato mai tumbi da rawanin labule, ga agogo yana ƙyalli a hannunsa. Suka ƙirƙiro wani ɗan sarki da babu shi ko a shafi ɗaya, shi da Tanna suna waƙa suna juyi a gindin gawo, a ƙasar da ake fari shekara bakwai. Zahra'u tana ta salati. Ni na cije leɓe na daure, na ce duk abin da suka ɓata, in dai sun bar mini kakata na yafe.

Sai ga ta. Doguwar tsohuwa, an shafe mata fuska da toka, tana tsaye a gaban turmi. Ko minti ɗaya cikakke ba su ba ta ba. Ta riƙe taɓaryar da 'yan yatsu, tana ɗagawa tana saukewa a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri. Turmin ko motsi ba ya yi, ba ƙura, ba ƙara, sai wani kiɗan piyano. Muryar da ke fitowa kuma siririya ce ta 'yar birni, tana wani langwaɓewa. Kafin in ƙifta ido sai ga ruwan sama. Shi ke nan, an gama da kwana ukun da na yi wa kuka.

Ban san lokacin da babban yatsana ya hau maɓallin saƙon murya ba. Minti huɗu na yi ina zuba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai farce har mai agogo. Da na tsaya a nan da yanzu ina gida ina cin goron kaina. Amma na ƙara da wannan, kuma zan rubuta shi yadda na faɗa, don na ji ana ƙara masa gishiri:

"Ita kuma wagga tsohuwa, ina sunka samo ta? Wallahi ko turmi ba ta taɓa gani ba. Dubi yadda ta riƙe taɓarya kamar mai riƙe da lema! Duk wanda ya ci tuwon hannunta tsakuwa ya ci. In uwar wani ce a cikinku, don Allah shi zo shi kwashe ta shi mai da ta gida."

'Yan ɗakin suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Gurup ya ɗauka. "Admin kin gama magana." "Zulai ta wanke mu." Wani ɗan Mayahi ya yanko hoton tsohuwar da taɓaryarta, ya zana mata lema a ka, ya mai da shi sitika. Kafin la'asar an tura muryata gurup-gurup, har wata daga Katsina ta kira ni wai tana so ta ji muryar jaruma. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafe gida ina jin kamar ni na fasa tulun. Ina shiga ɗaki na duba waya, sai na ga ɗan ƙaramin rubutun nan a tsakiyar hira: Yusha'u ya fita. Na ce a raina fushi yake don ban jira shi ba, Asabar in na dama masa kunun gyaɗa zai huce.

Alhamis da safe ina goge keke ya kira. Ba sallamar da ya saba, ba "ranki shi daɗe" na tsokana.

"Zulai, tsohuwar da kinka ce a zo a kwashe."

"Mushe, pardon, na san na karya alkawari, amma kai ma da ka gani…"

"Na gani. Innata ce."

Na zauna a ƙasa. Ba a kan kujera ba, a ƙasa, tsakanin ƙyallaye.

Ya ce da masu fim suka zo Tchaké neman doguwar tsohuwa, matan gari da kansu suka tura ta gaba, don duk bikin da za a yi ita ke jan lugude, in ta ɗaga taɓarya har tafi take yi kafin ta cafe. Ya ce wata huɗu ke nan tana tambayarsa yaushe abin zai fito, tana cewa yarinyar Tasawa mai son littafin za ta gan ta a ciki. Abin da yake so ya nuna mini ke nan ranar Asabar.

"Jiya da marece anka kunna mata muryarki a bakin rijiya," in ji shi. "Gaban mata. Baffana ya ce a dakata da goro."

Ya kashe.

Na san abin da kuke cewa: shekara biyu kina tare da mutum ba ki san fuskar uwarsa ba? To ku tambayi kowace 'yar gidan mutunci a ƙasar nan. Sau biyu Allah ya haɗa mu. Na farko a wani biki a Korgom, aka ce mini ga innar Yusha'u nan tafe, na bar takalmina ɗaya na ɓuya a bayan rumbu har ta wuce. Na biyu ta zo Tasawa ganin likita ta biyo gidanmu gaisuwa, na shige ɗaki na saki labule, daga ciki na durƙusa na gaishe ta. Kowa ya yaba, aka ce Zulai akwai kunya. Abin da na sani nata biyu ne: muryarta, mai kauri kamar ta namiji, da takalmanta na roba shuɗɗa da na leƙo ta ƙasan labule, ɗaya an ɗinke maɗaurinsa da zare baƙi. A fim ɗin kuwa ba takalmi a ƙafarta, muryar kuma ta wata ce suka ɗora mata. Ta ina zan gane ta?

Innata, Furera, ba ta bari na gama wannan bayanin ba. Tana tsakar gida tana tankaɗen garin da aka kawo daga inji, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ke! Ke da ko yaji kinka daka sai kin kwana biyu kina shahwa man zahi, ke ce mai koya wa matan Tchaké daka?"

"Inna, ban san ita ce ba."

"Da ba ita ba ce hwa? Ba uwar wani ba ce? Daga icce ta hwaɗo?"

Ta nuna ɗakin ɗinkina da yatsa.

"Ɗauko wayar. Yanzu za ki sake wata murya, ki ce Zahra'u ce ta kwaikwayi muryarki. Ki ce fim ɗin ya yi kyau, ba ki taɓa ganin irinsa ba."

"Inna, bai yi kyau ba."

"Mi kinka ce?"

"Haƙuri zan ba da ko sau dubu ne. Amma in ce ya yi kyau, wallahi ba ni iyawa. Sun kashe littahin, Inna."

Ta ɗaga hannu sama, gari na zuba daga yatsunta. "Jama'a ku zo ku ji mini! Aurenta na rawa, ita tana makokin littahi! Tanna ce za ta aure ki?"

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba wanda ya yarda cewa abu biyu za su iya zama gaskiya a lokaci guda. Na yi wa baiwar Allah rashin kunya, wannan gaskiya ne. Fim ɗin kuma shara ne, shi ma gaskiya ne. Na shiga gurup na goge muryar, na rubuta cewa don girman Allah a daina yawo da sitikar nan, tsohuwar mutuniyar kirki ce kuma ba laifinta ba ne. Kun san abin da suka ce? "An saye admin." "Jiya jaruma, yau 'yar koren masu fim." Ɗan Mayahin nan ya sake turo sitikar sau bakwai a jere. Na cire shi, wasu goma sha biyu suka bi shi suka buɗe nasu gurup, wai 'Yan Gidan Tanna Na Gaskiya. Mutanen da na yi shekara uku ina tashi da asuba ina tura musu sabon shafi! A gida ni ce marar kunya, a gurup ni ce maciya amana.

Juma'a ta zo ta wuce. Inna ta riga ta sa an share zaure tun Laraba, an aro tabarmi biyu sababbi, haka aka naɗe su aka mayar. Babana ya dawo daga masallaci ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tura wa Yusha'u saƙo ya fi ashirin. Duk ya buɗe, alamar ta yi shuɗi, ba amsa. Sai Asabar, a daidai lokacin da ya saba tsayar da moto a ƙofarmu, ya rubuto layi ɗaya: "Ba ni kinka zaga ba, don haka ba ni da abin yahewa."

Gwaggo Hassana ce ta yanke magana. Yayar Babana ce, irin matan da in sun shigo gida ko kaji sai sun natsu. Ta saurari Inna, ta saurare ni, ta tauna goronta.

"Ba wata murya da za a sake. A waya kinka yi ɓarnar, amma ba a waya za ki gyara ba. Gobe da sahe mu tahi Tchaké, ni da ke."

"Gwaggo, gidansu? Ni? Ai da kunya."

"Au, yanzu kinka tuna da ita?"

Yau Lahadi ke nan. Na canza kaya sau uku. Leshi ya yi kama da mai zuwa biki, baƙar abaya ta yi kama da mai zuwa ta'aziyya, a ƙarshe na sa riga da zani na atamfa mai ganye-ganye, na lulluɓa da babban mayafi ruwan ƙasa, ba hoda ba kwalli. Lallen da na sa don ranar goro yana nan ja wur a hannuna, na yi ta ɓoye shi. Gwaggo ta ƙulla sabulu da sukari a leda. Muka shiga motar tasha, daga inda ta ajiye mu muka hau kabu-kabu, yana ta kifi da mu a cikin rairayi tsakanin gonakin da aka girbe. Duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa, duk ya zube kafin mu isa.

Gidan babba ne, dangar kara, rumbuna uku cike. Abin da ban zata ba shi ne jama'a. Labarin zuwanmu ya riga mu, mata sun fi ashirin a tsakar gida, wasu da goyo, wasu sun bar tulunansu a bakin ƙofa. Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi tsorata ni. A ƙofar wani ɗaki na hango su, takalman roba shuɗɗa, ɗaya da ɗinkin baƙin zare. Na durƙusa nesa da tabarmar da aka shimfiɗa a ƙofar ɗakin, na ja mayafi na rufe fuska gaba ɗaya.

Gwaggo ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da dabbobi da amfanin bana, sannan ta ce ta kawo mai laifi, yarinya ce, a yi mata abin da aka ga dama. Na buɗe baki in ce a gafarce ni, abin da ya fito bai fi kukan kyanwa ba. Sai muryar nan mai kauri ta taso.

"Taɓaryar kwali ce sunka ba ni."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Kwali, an naɗe an shahwa mishi fenti. Sun ce tawa tana cika musu na'ura da ƙara. In na buga da ƙarhi sai ta lanƙwashe, sau biyu tana lanƙwashewa, wani mai ɗan gemu shina yi mini tsawa. Na ce musu ɗiyana, ba haka a ke daka ba. Sunka ce Inna, ke dai yi yadda anka ce. Turmin ma ba komi ciki. Don haka abin da kinka hwaɗi a kan dakan nan, yarinya, gaskiya kinka hwaɗi. Ni ma da na gani sai da na rufe ido."

Wallahi wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina ashe mutuniyata ce, ashe ita ma 'yar gidan Tanna ce ba ta sani ba! Har na fara tsara yadda zan ba ku labarin.

"Amma kin ce wanda ya ci tuwona tsakuwa ya ci." Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗanbaba tuwona ya ci ya girma, har kinka gan shi kinka ce kina so."

Ɗanbaba shi ne Yusha'u, ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kin kuma ce in uwar wani ce. To ta wani ce. Ɗago ki dube ni."

Na ƙara sunkuyawa.

"Ɗago, na ce. Kunyar da ta hana ki sanin huskata ba ta hana ki zagina ba. Ajiye ta, yau ba ta da aiki."

Na ɗago. Karo na farko a shekara biyu na ga fuskar matar da nake fatan ta zama surukata. Ba toka yanzu. Baƙa ce, doguwar fuska, idanun Yusha'u sak, da tsaga uku a kowane kunci. Irin fuskar da na yi shekara uku ina gani a raina in ina karanta littafin, ita suka samu a hannunsu suka shafe da toka. Hawaye suka zubo mini, na ce, "Inna, ki gahwarce ni, na yi kuskure." Ta dube ni ta daɗe, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta juya ta yi wa wata mata alama da haɓa.

Aka gangaro da turmi har gabana. Aka kawo taɓarya, ta gaske, baƙa ƙirin, tsakiyarta ta sulɓe tana sheƙi don shan hannu. Ita da kanta ta tashi ta juye tiya guda ta gero a ciki, ta yayyafa ruwa.

"Duniya duk ta ji ke gwana ce. Surhwa muna wanga mu dama wa gwaggonki hura. Zancen goro sai hannu ya huta."

Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta ɓalle sabon goro tana kallon rumbu. Na dubi matan, sai na ga wayoyi suna fitowa daga ƙugu da ƙarƙashin mayafi, ɗaya, biyu, biyar, duk sun saito ni.

Na ɗaure mayafi a ƙugu, na kama taɓaryar da hannu biyu. Ashe haka take da nauyi? Na ɗaga, na rufe ido, na saki. Ta daki bakin turmin, turmin ya karkace, gero ya watse a ƙasa, kajin gidan suka rugo a guje. Wata yarinya mai goyo ta toshe baki da zani.

"Tsince shi," in ji innar Yusha'u. "Ba a barin tsaba ƙasa a gidan nan. Sake."

Na tsince, na sake. Tun rana na tsaka nake abu ɗaya har inuwar rumbu ta iso ƙafata. Abin da matan nan ke gamawa kafin a tafasa shayi, ni sai da tafin hannuna ya yi ƙuraje huɗu, biyu suka fashe a kan lallen goron. Ba wanda ya karɓe ni. Da ta ga dusa ta fita ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta hura, ta ce, "To. Ba laihi ga mai koyo."

Na saki taɓaryar, na share fuska da gefen zani, na dubi Gwaggo alamar mu kama hanya kafin motoci su ƙare. Gwaggo ta ce ai ta riga ta aika wa wata ƙawarta a bayan kasuwa a share mana ɗaki. A ɗakin nake yanzu, a jikin taga inda rezon waya ke ɗan kamawa, hannayena a cikin man kaɗanya, yatsa ɗaya ne kawai ya tsira. Don lokacin da na durƙusa zan yi wa innar Yusha'u sallama, ta jingine taɓaryar a jikin danga, inda zan same ta da safe, ta ce:

"Ɗanbaba ya gaya mini a littahin naku kwana uku tsohuwar ta yi tana daka. Yau ɗaya."